Lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa a asibitin unguwa: tambayoyin da iyalai suka fi yi

Tambayoyin nan su ne waɗanda ke yawan fitowa daga bakin masu jinya, da matan da ke zuwa awo, da 'yan kwamitin lafiya na mazaɓa a garuruwan Arewa. An fara da na sama-sama kafin a shiga masu zurfi. Karanta su ba zai wadatar da mutum daga ganin ma'aikacin lafiya ba, amma zai san inda zai nufa da abin da zai tambaya idan ya isa.

Me ake nufi da shirin kiwon lafiyar al'umma?

Duk wani tsari ne da ke kai kulawar lafiya inda mutane suke zaune, maimakon a jira sai ciwo ya kwantar da mutum an ɗauke shi zuwa babban asibiti a birni. A cikinsa akwai asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, da matan da ke shiga gida-gida, da awon ciki, da riga-kafi, da gwajin hawan jini a ƙofar masallaci ko a kasuwa, da bibiyar wanda aka sallama daga asibiti a ga ko yana shan magani.

Tsarin ya samo asali ne daga taron da ƙasashen duniya suka yi a Alma-Ata a 1978, inda aka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ya dage a kansa lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, kuma a 1992 ɗin aka kafa hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA. Tun 1991 manufar gwamnati ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan da ya kamata ƙaramin asibiti ya riƙa yi. A takarda ke nan. A aikace, wannan ɓangare shi ne ya fi kowanne zama a baya, shi ya sa mafi yawan tambayoyin da ke ƙasa suka karkata gare shi.

Su wane ne masu shigowa gidajenmu, kuma yaya za mu gane na gaskiya?

Waɗanda ke zaune a asibitin mazaɓa galibi ba likitoci ba ne. Jami'an lafiyar al'umma ne da suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya na jihohi, tare da nas ko ungozoma idan an yi sa'a. Masu shiga gidaje kuwa yawanci matan unguwar ne da aka zaɓa aka horar. Da yawansu sun fara ne tun zamanin yaƙi da shan inna, sannan a 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS a garin Lafiya na jihar Nasarawa don a haɗa irin waɗannan ma'aikata a tsari guda.

Ta gaskiya tana ɗauke da katin shaida, mai unguwa ya san da zuwanta, kuma za ta iya faɗa muku sunan asibitin da take kai rahoto. Ba ta karɓar kuɗi, ba ta sayar da magani daga jaka. Wanda ya zo da na'ura ya ɗora muku a tafin hannu ya lissafa cututtuka goma, sannan ya fito da kwalaben da za ku saya, ɗan kasuwa ne.

Me ya haɗa ciwon jiki da na ƙwaƙwalwa har ake son a duba su a wuri guda?

Mai ciwon suga ko hawan jini da damuwa ta kama shi ba ya kula da shan magani, ba ya kiyaye abinci, ba ya komawa asibiti. Mai tarin fuka wata shida yake yi yana shan magani, kuma sau da yawa abin da ke sa ya daina a tsakiya ba ƙarewar magani ba ne, karayar zuciya ce da yadda mutane ke janye jiki daga gare shi. Matar da ke fama da yoyon fitsari, ko da an yi mata aiki a Babbar Ruga a Katsina ko a cibiyar Laure a Kano an dace, tana buƙatar wanda zai taimaka mata ta koma cikin mutane bayan shekarun da ta yi a ware.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce masu taɓin hankali mai tsanani kan rasu da wuri, shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, kuma mafi yawa cututtukan jiki ne da ake iya magancewa ke kashe su. Dalilin a fili yake. Da zarar an ce wane ya taɓu, shi ke nan, ba wanda ke sake auna jininsa, kuma in ya ce ƙirjinsa na ciwo sai a ce ai ciwon nasa ne ya motsa. Don haka duk wanda ya kai ɗan'uwansa karɓar maganin ƙwaƙwalwa, ya roƙa a auna masa jini da suga da nauyi a ranar.

Asibitin mazaɓarmu ko likita babu. Ta yaya za su iya duba mai ciwon ƙwaƙwalwa?

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. In da za a jira su, mutumin ƙauye ba zai taɓa ganin ɗaya ba. Saboda irin wannan ƙaranci ne WHO ta fito da shirin mhGAP a 2008, ta biyo shi da littafin jagora a 2010, wanda ke koya wa ƙaramin ma'aikacin lafiya yadda zai gane ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da ruɗewar tsufa, da matsalar shaye-shaye, da haɗarin mutum ya halaka kansa, ya san wanda zai riƙe da wanda zai tura gaba. A Borno an yi amfani da wannan tsari sosai bayan rikicin Boko Haram, inda nas-nas daga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ke fita zuwa ƙananan asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira.

Ma'aikaciyar da ta samu horon ana gane ta daga tambayoyinta. Dattijuwa ta zo a karo na uku da ciwon kai da zafin jiki da faɗuwar gaba, an gwada jini babu zazzabin cizon sauro. Maimakon ta sake rubuta mata farasitamol, sai ta ja kujera ta ce, "Inna, ya barci? Ƙarfe nawa kike farkawa? Abinci yana shiga? Tun yaushe rabonki da zuwa biki ko suna? Akwai abin da ya faru a gida kafin ciwon kan ya fara?" Sau da yawa a tambaya ta ƙarshe ce hawaye ke zubowa, a ji cewa ɗa ya rasu, ko an saki 'ya ta dawo da yara huɗu.

Ba kowane asibiti ke da wanda ya samu wannan horo ba, kuma ko akwai shi, maganin kan yanke. Ku tambaya kai tsaye. In babu, ku nemi takardar turawa zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, ko asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri.

Kowa yana da damuwa a wannan zamani. Yaushe damuwa ke zama ciwo?

Idan ta kai mako 2 ko fiye, kusan kullum, kuma ta hana mutum abin da ya saba yi. Alamominta su ne baƙin ciki da ba ya yayewa, da rashin sha'awar abin da a da yake faranta rai, da gajiya ba tare da an yi aiki ba, da lalacewar barci, da rashin cin abinci, da ganin kai ba a bakin komai ba. A wajenmu ba kasafai mutum zai ce yana baƙin ciki ba. Zai ce kansa ya yi nauyi, ko wani abu na yi masa yawo a jiki, ko zuciyarsa na tafasa.

Wannan ba ƙarancin tawakkali ba ne. Akwai masu tsayuwar dare da ke fama da shi, kuma ce musu "ka yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga wani hali" ƙara musu nauyi yake yi. Mai sauƙi yakan warke da zaman tattaunawa da komawa harkokin yau da kullum a hankali, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ke magana kan waɗanda ba likitoci ba. Mai tsanani yana buƙatar magani.

Babanmu lafiya lau ya kwanta, yau ya tashi yana sambatu bai gane kowa ba. Taɓin hankali ne?

Ku kai shi asibiti yanzu, ba gobe ba, kuma asibitin jiki. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin awoyi ko kwana ɗaya, musamman tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya ko magagi, ta fi kama da zazzabin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko faɗuwar suga, ko shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan suna kisa in aka tsaya, suna kuma warkewa in an yi sauri. Taɓin hankali yawanci a hankali yake shigowa, cikin makonni.

Ana cewa kyauta ne, amma mu kullum sai mun biya. Ina gaskiyar take?

Wasu abubuwa kyauta ne ga kowa a asibitin gwamnati: riga-kafin yara, da gwaji da maganin tarin fuka, da maganin cuta mai karya garkuwar jiki, da maganin kariya daga zazzabin damina da ake raba wa yara. In an nemi kuɗi a kan waɗannan, akwai magana, kuma amsar ƙarshe ta faɗi inda ake kai ta.

Sauran kuwa ya danganta da rajista. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma an fara saka shi a kasafin 2018. Daga cikinsa ake biya wa marasa ƙarfi da masu ciki da ƙananan yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman, amma sai waɗanda aka yi wa rajista, kuma a asibitin da aka zaɓa a mazaɓar. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi ne ke yin rajistar, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Guraben ba su kai yawan mabuƙata ba. Maganin ƙwaƙwalwa kuwa mafi yawan iyalai daga aljihu suke saya, sai dai tsofaffin magungunan da aka daɗe ana amfani da su ba su da tsada sosai, don haka kada ku ji nauyin ce wa mai rubutawa, "A rubuta mana wanda za mu iya saya duk wata."

Matata ta haihu, tun bayan suna ba ta da walwala, kuka take yi ba dalili. Me shirin ke yi wa masu jego?

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da mata da yawa ke yi, kuma yakan wuce kafin mako 2. In ya zarce haka, ko ta daina kula da jaririn, ko tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, to ciwon damuwa na bayan haihuwa ne. A ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da irin wannan bayan ta haihu. Ranar da za a kai jariri riga-kafi, Malam, ka raka ta, ka faɗa wa ungozomar da bakinka, don ita kunya za ta iya hana ta. In kuwa ta daina barci gaba ɗaya, tana jin muryoyi, ko tana zargin za a cutar da jaririn, wannan na gaggawa ne, kuma kada a bar ta ita kaɗai da shi har sai an ga likita.

A kula da jikinta ma. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi, ba ragwanci ba ne, ba kuma damuwa ba ce. Zuciya ce, a kai ta asibiti.

Me ake yi wa yara a gida-gida?

Biyu sun fi fitowa. Na farko maganin kariya daga zazzabin cizon sauro da ake bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59 a lokacin damina, wanda WHO ta amince da shi a 2012 don ƙasashen Sahel. Sau ɗaya ake zagayowa duk wata, yawanci wata huɗu a jere. Ma'aikaciyar ce ke ba da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku, ta cika kati, ta yi alama da alli a jikin bango. Inda ake samun matsala shi ne waɗannan ƙwayoyi biyu da aka bari a gida. Wasu iyaye na ajiye su sai yaro ya yi zazzaɓi, alhali in ba a cika kwana ukun ba kariyar ba ta kankama.

Na biyu awon dantse don gano tamowa. Wani ɗan tef ne mai launi uku da ake zagaya wa dantsen yaro na hagu: kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Irin wannan yaro ake bai wa abincin nan na leda da ake haɗawa da gyaɗa da madara. Magani ne, ba na rabawa da yayye ba ne, ba kuma na sayarwa ba. Ma'aikaciyar da ta san aikinta takan kalli uwar ma, domin uwar da damuwa ta danne ba ta da ƙarfin lallashin yaron da ya ƙi cin abinci. Duba amsar da ta gabata.

Ɗana yana da farfaɗiya. Ana maganinta a asibiti? Kuma gaskiya ne ana ɗauka ta yawu?

Ba a ɗauka. Ko yawun ya taɓa ka, ko kun ci a kwano ɗaya, babu abin da zai same ka. Wannan camfi ya sa ana gudu a bar mutum ya faɗa wuta ko ruwa, ya sa ana cire yara daga makaranta ba gaira ba dalili. Farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take, kuma sau da yawa sanadinta wahalar haihuwa ce, ko sanƙarau, ko zazzabin da ya hau kai, ko buguwa a ka. Kusan mutum 7 cikin 10 na iya daina faɗuwa in suna shan magani kullum ba fashi. Ba a tunanin rage shi sai an yi aƙalla shekara 2 ba a faɗi ba, kuma da shawarar ma'aikacin lafiya. Macen da ke shan maganin kuma take shirin aure ko ɗaukar ciki ta faɗa tun da wuri, don akwai irin da ke illa ga ɗan tayi.

In ta tashi a gabanka, ka janye wuta da duk abin da zai ji masa rauni, ka sa tsumma mai laushi a ƙarƙashin kansa, ka sassauta wuyan riga. Da jijjigar ta lafa ka juya shi ya kwanta a gefe don yawu ya fita. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko manja ko rubutu, kada a danne shi, kada a kara ƙafarsa a wuta. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, sai asibiti. Mai ciki da ta yi jijjiga kuwa, ko sau ɗaya ne, a tafi da ita nan take.

Mu mun fi yarda da addu'a da ruƙiyya. Sai mun bar su kafin asibiti ya karɓe mu?

A'a. Ma'aikacin da ya san inda yake aiki ba zai ce ku bar addu'a ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen gari tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 an wallafa sakamakon wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa masu taɓin hankali da ke hannun malaman addini da masu maganin gargajiya sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan ƙananan asibitoci na zuwa suna duba su a can.

Inda aka ja layi shi ne cutarwa. Duka da sunan fitar da aljani, da hana abinci, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da sa mari a ƙafa, ba magani ba ne. Abin da aka gani a 2019 lokacin da jami'an tsaro suka buɗe wasu gidajen mari a Rigasa da Daura ya isa ishara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanar da sa mata hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana ɗaure majinyaci da sarƙa, ta kuma ba shi haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Iyalan da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje yawanci ba mugunta ce ta kai su ba, sun rasa yadda za su yi ne. Amma malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti sai an gama nasa, a nemi wani malamin.

Maganin ƙwaƙwalwa ba ya zama jaraba? Har yaushe za a sha?

Magungunan ciwon damuwa da na taɓin hankali da ake bayarwa a wannan tsari ba sa sa maye ko jaraba irin ta ƙwayoyi. Abin da suke buƙata shi ne haƙuri. Na damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma bayan an samu sauƙi ana ci gaba da sha wata 9 zuwa 12. Na taɓin hankali yakan fi haka daɗewa, wasu shekaru. Babban abin da ke dawo da ciwo shi ne a ga mutum ya koma kasuwa a ce ya warke, a daina saye. Ga wanda ke ƙin haɗiyar ƙwaya kullum, akwai allurar da ake yi duk bayan 'yan makonni.

Wani maganin kan sa jiki ya sanƙare, hannu na rawa, yawu na dalala, ko wuya ya karkace. Abin na da ban tsoro amma ana gyara shi, ko a rage, ko a canza. Ku koma wurin wanda ya rubuta, kada ku je kemis ku sayi maganin sanƙarewar da kanku, don shi kansa yana cikin ƙwayoyin da matasa ke sha don maye. Kafin watan azumi kuma a je a tambaya ko za a iya mayar da lokutan sha zuwa sahur da buɗa-baki. Ga mai farfaɗiya wannan tambaya wajibi ce.

Ƙanena ya faɗa shaye-shaye. Shirin al'umma zai iya yi masa wani abu, ko sai an kulle shi?

Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekara guda. A shekarar ce kuma aka hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba gidanku kaɗai ba ne.

Ba kowa ke buƙatar kwanciya ba. Wanda bai yi nisa ba, zaman nasiha a kai a kai da wanda ya san aikin, da sana'a, da canza majalisa, sukan yi tasiri. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko ƙwayoyin barci kuwa, yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga, don haka a asibiti ake janye shi a hankali. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, na da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, asibitocin ƙwaƙwalwa ma suna da nasu. Komawa ruwa bayan an daina abu ne da ke faruwa, ba ya nufin an yi asarar wahala. Game da gidan mari, duba amsar da ke kan ruƙiyya.

Yana yawan cewa ya gaji da duniya. Mu yi shiru ko mu tambaye shi?

Ku tambaye shi, a keɓe, da murya mai taushi: "Kana tunanin ka kashe kanka ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da babu shi, sauƙi ma take kawowa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. Wa'azin wuta da gori ba lokacinsu ba ne. Wanda ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko a sa shi amai, a tafi da shi tare da kwalbar abin da ya sha.

Wanda ba likita ba zai iya taimaka wa mai damuwa da magana kawai?

Zai iya, in an horar da shi kuma akwai mai duba aikinsa. Misalin da ya fi shahara daga Zimbabuwe yake. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara horar da tsofaffin mata a Harare su zauna a kan benci a harabar ƙaramin asibiti su saurari masu damuwa. Zama shida ake yi. Ba sa ba da umarni. Suna taimaka wa mutum ya jera matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya da za a iya taɓawa, ya tsara abin da zai yi kafin zama na gaba. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. A Maiduguri ma gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara cikin unguwanni wajen waɗanda rikici ya ɗaiɗaita.

Muna da irin waɗannan mata a kowace unguwa, su ake kira in an yi rasuwa ko aure ya rikice. Abin da ya rage shi ne horo da riƙon sirri. Na biyun ya fi wuya. Duk ƙungiyar da aka ji maganar mutum ɗaya ta fita zuwa gidan biki, ba mai sake buɗe baki a cikinta.

Ni ke jinyar mahaifiyata shekara da shekaru, na gaji. Akwai abin da aka tanadar wa irinmu?

Allah ya ba da lada, ya ba Hajiya lafiya. A hukumance abin da aka tanada kaɗan ne, amma ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya halin da kike ciki ranar da kika kai ta, a auna jininki ke ma. Gajiya da jin haushi ba rashin biyayya ba ne. Ki tara 'yan'uwa a raba aikin da sunan kowa: wane kuɗin magani, wance kwana biyu a mako, wane kai ta asibiti. "Za mu taimaka" da ba a ɗaura wa rana ba, ba ta zuwa.

A Nijar ma haka tsarin yake?

Kusan haka. Akwai ƙananan ɗakunan shan magani a karkara da masu aikin sa-kai da ke shiga gidaje, kuma tun 2006 gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wani abin da Najeriya za ta iya koya shi ne makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram a 2008, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su kuma ja hankalin sauran maza.

Magani ya yanke, ma'aikaci ba ya zuwa, ko ana karɓar kuɗi a kan abin kyauta. Ina za mu kai kuka?

Kowace mazaɓa ya kamata ta kasance da kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ya ƙunshi wakilan masu unguwanni da malamai da mata da matasa, kuma yana zama duk wata da shugaban asibitin. A asibitin da ke karɓar kuɗin BHCPF, kuɗin na shiga asusun asibitin ne kai tsaye, kuma shugaban kwamitin na cikin masu sa hannu kafin a fitar. Ke nan yana da hurumin ya tambayi nawa ya shigo, me aka saya. Mutane da yawa ba su san da kwamitin ba, wasu kwamitocin kuma sun zama na 'yan siyasa da ba sa zama sai an ji za a raba wani abu. Duk da haka ta nan ake farawa. Ku tambayi mai unguwa sunan shugaban da ranar zama.

Ku je da magana a rubuce, da rana da abin da ya faru, ku fi mutum ɗaya. In kuna so a riƙa ajiye maganin farfaɗiya ko na taɓin hankali, ku tattara adadin masu buƙata a mazaɓar ba tare da sunaye ba, domin shugaban asibiti ba zai sayi maganin da bai tabbatar za a zo nema ba. In kwamitin bai yi komai ba, mataki na gaba shi ne shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, daga nan sai hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta jiha. Ku riƙe kwafin duk takardar da kuka miƙa, a buga muku hatimi da kwanan wata a kai.